Harafin da Aka Cinye

A ƙofar zauren taron marubuta, can Ikeja,
aka rataya min sunana a wuya.
An cinye harafi guda:
Tasalla ta koma Tasala.
Na ce na gode.

Na zauna layin baya, gindin na'urar sanyi,
littafina a cinya kamar jinjirin aro.
Wani mai kwat ya hau dandamali,
ya ce masu karanta shi sun haura dubu ɗari.
Na ƙirga nawa a ƙarƙashin mayafi:
yayata,
telan bakin layinmu a Agege,
da wani malami a Gusau mai kama min kuskure.
Yatsu suka yi saura.

Lokacin shayi wata dattijuwa, Morenike,
da Hausarta ta Sabon Garin Zariya,
ta ce, "Me kike rubutawa?"
Na ce, "Ba komai, ruwan da ke shiga ɗakinmu ne,
da kuɗin haya, da mai gashin masara. Ba komai."
Ta ajiye kofi.
"Wace irin 'yar kasuwa ce
ke karya farashi tun ba a taya ba?"

Da magariba cunkoso ya riƙe mu a Oshodi.
Shakka na nan gefena cikin danfo,
ta matse ni, ba ta biya kuɗin mota ba.
Ban kore ta ba.
Na dai ciro biro,
kwandasta na ihu, mota na girgiza,
na mayar da harafina wurinsa.
Ya ɗan karkace.