Ɗaya, Uku, Huɗu, Biyu

Ruwan daren jiya ya bar Magazin cikin taɓo,
jar laka da baƙin mai na bin kwata ɗaya.
Tun masu koko ba su sauke tukunya ba
na shimfiɗa buhun siminti a kan benci,
na baje kayan cikin motar Maame Fosuaa:
fistan huɗu, wankan kananzir, suna ɗiga.

Inusa, miƙo ringi.
Kada ka bar bakinsu ya dubi juna,
ko maƙwabta sai an raba musu ƙofa
in ana son sirri ya kwana a gida.
Shafa mai kafin ka kwantar da karanshaf,
ƙarfe ba ya yafe wa wanda ya haɗa shi a bushe.
Noti kuwa daga tsakiya ake soma shi,
a fita gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye uku.
Mai ɗauri da fushi shi ke sayen gasket biyu.

Da azahar kan injin ya zauna daram.
Saura abin da ba a kamawa da sifana: lokaci.

Na juya fule har tsagar kamfani ta hau sifiri,
na ɗora bel, na ƙirga haƙora, na tamke.
Muka ba shi wuta.
Ya yi tari, ya yi atishawa ta kafireta,
harshen wuta ya lashe gashin hannun Inusa,
masu walda a tsallaken hanya suka tafa mana.
Maame na zaune kan tsohuwar taya,
ba ta ce uffan ba, agogo kawai ta duba.
Doya na jiranta a Teciman,
ita kuwa doya ina ruwanta da tayimin?

Na kwance fulogi na ɗaya,
na toshe ramin da babban yatsa,
Inusa na juyawa sannu a hankali
har iska ta turo ni, kamar numfashin mai barci.
Na zura sukudireba: ta hau, ta hau, ta tsaya.
Nan ne ƙololuwa. Fistan ba ya ƙarya.
Tsagar kamfani kuwa ta zarce da yatsa biyu.

Na goge fulen da bakin rigata,
sai ga su a ƙarƙashin tsatsa:
ɗigo uku, bugun ƙusa, na ukun ya ɗan karkace.
Na san hannun nan.
Masta Gariba ne, mai guntun ɗan yatsa,
wanda ya rankwashe ni a kan wannan benci
ranar da na gaskata alama ban tambayi fistan ba.
Shekara tara yana kwance a Tafo,
ashe ya riga ni shiga injin nan,
ya bar magana inda ya san
sai wanda ya sha kunya zai duba.

Na sassauta, na mai da bel baya haƙori biyu.
Wayoyi: ɗaya, uku, huɗu, biyu.
Inusa, murɗa.

Bai yi tari ba.
Ya karɓa kamar mai amsa sallama,
ya sauke murya, ya daidaita,
har kwabon da na ɗora a kansa bai motsa ba.
Masu walda suka rufe fuska, suka koma aikinsu.
Maame ta kwance bakin zani tana ƙirga sidi,
ta rage ashirin, wai kuɗin jiran da ta yi.

Muna wanke hannu da yashi da omo
Inusa ya ce, “Masta, don me biyu ke zuwa ƙarshe?
Ba shi ke bin ɗaya ba?”
Ni ma na taɓa yi wa Gariba wannan tambaya.
Amsar da ya ba ni ita na ba shi:
“Tattara sifanu, hadari na tasowa ta Bantama.”