Ɗinki Na Biyu

Shekara talatin ina ɗinki a Recife,
a wani lungu bayan kasuwar São José,
kuma ga abin da almakashi ya koya mini:
warware aikin wani ya fi yanka sabon yadi wuya.
Zane ba ya manta inda allura ta soke shi.

Shekara bakwai ke nan da suka rage mini tumbi,
buhu ya koma hannun riga.
Kilo arba'in da biyu suka fice daga jikina
kamar 'yan haya da suka kwashe kaya da asuba.
Sau biyar na rage wa siket ɗina ƙugu.
Zuleide ta wuce ni a tashar bas ba ta waiwayo ba,
na yi dariya har sai da na dafa ƙarfe.

Zancen ƙwannafi kuwa, an faɗa, ban saurara ba.
Dare ya raba, wuta ta hau maƙogwaro,
ina barci a zaune kamar mai gadi,
matashi uku a baya, ɗaci a baki.
Kofin safe ya zama abokin gaba.
Sai ga 'yan hayar nan suna dawowa,
ɗaya, biyu, goma sha takwas.
Ashe sun tafi da makulli.

Likita Tenório ya ɗaga hoton cikina ga fitila.
"Ba gazawarki ba ce, Dona Dalvanira, nama yana saki."
Na ce na sani, ko lilin yana saki.
A bayan takardar magani ya zana da biro
inda zai ratsa hanji, ya buɗe wa abinci sabuwar hanya.
Na juya zanen sama da ƙasa
kamar yadda nake duba aikin 'yan koyo,
na ce: kada ka ja zaren da ƙarfi, tsohon yadi ne.

Ƙanwata ta ce, wuƙa sau biyu a wuri ɗaya?
Ta ce da na haƙura da jikin da aka ba ni.
Ban amsa ba. Gyara kayanka
ai bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ƙarfe tara, an hana ni ko ruwa.
Ta tagar asibiti ina ƙirga fitilun gada
a kan kogin Capibaribe,
ƙamshin wainar rogo yana hawowa daga titi.
Jucélia ta yi barci a kujera da takalmi a ƙafa.

Na bar rigar wata amarya a kan keke,
fil goma sha ɗaya a ƙugu, ban datse komai ba.
Na ce mata ta jira mako uku.
Gobe ƙarfe shida
ni ce zan kwanta a kan tebur,
wani ya ɗauki alli.