Jika Bakwai

Da an sallame sallar asuba
mukan taru a bakin shagon Nomau,
mu bakwai, wata rana tara,
kowa na miƙe jijiya a jikin bango.
Akwai wata ƙusa a bayan ƙyaure,
nan makullan baburanmu ke jira
har mu taɓo Tibiri mu dawo.

Nomau bai taɓa tambayar lambar ƙafa ba.
Cewa yake, "Tuɓe, miƙo tsohon."
Ya kifa takalmin a tafin hannu
kamar mai duba a gaban faifan ƙasa,
ya ce, "Kai da gefe kake takawa,
hagunka na cutar damanka."
Ya zuba maka ruwan buta a ƙafa,
ka taka siminti, ya karance sawun
tun kafin rana ta lashe shi.

Ranar da dila ta iso daga Kwatano
yini yake a kan tabarma
yana ɗaura aure tsakanin dama da hagu.
Wanda ya rasa ɗan'uwa ba ya yar da shi.
"Bari ya zauna," in ji shi, "wani watan za ta zo."

Sai ga su ran wata Talata,
mota mai duhun gilashi, igiyar awo a hannu.
An ce suna da rassa a Yamai da Ƙwanni,
sun saye na Gonda a unguwar Zariya,
sun saye mai rigunan ƙwallo na bakin tasha.
Gulbi in ya kawo
ba ya tambayar gonar wa ya tarar.

Ban ga laifinsa ba.
Gwiwar da ta kai shi tseren ƙasa sau huɗu
yanzu ko sujada ba ta yarda.
Mai haya ya ƙara kuɗi.
Habsu na son karatun unguwarzoma.
Ya dangwala yatsa, ya goge tawadar a wando.

Sunan suka bari.
Ga shi can sama da jan wuta, NOMAU,
yana kyafta ido har tsakar dare.
Ciki sanyi kamar ɗakin ajiye magani,
takalma jere, kowanne da matarsa,
farashi rataye a wuya, ba tayi, ba albarka.
Yarinyar da ke tsaye tana da fara'a,
ta ce, "Lamba nawa, Alhaji?"
Na ce mata arba'in da biyu.
Gaskiya ɗaya ce: ya fi na Nomau araha.
Na biya, na'ura ta tofo mini takarda.

An shafe ƙusar da fenti. Na duba.

Sati biyu, diddige ya ɗuri ruwa.
Na ɗingisa har Bagalam,
na same shi a zaure yana ɓarar gujiya.
Bai amsa gaisuwa ba sai da ya ce, "Tuɓe."
Ya kifa shi, ya shafa, ya yi tsaki,
ya yanko soso daga tsohuwar katifa
ya cusa a inda hagu ke cuta.

Na ce, "Baba, littafin bashi fa?
Akwai jika bakwai a kaina tun bara waccan."
Ya ce, "Sun ƙirga kanta, sun ƙirga kwali,
sun ƙirga har fankar da ba ta juyawa.
Littafi suka ce ba ya cikin ciniki."
Ya nuna da haɓa: ga shi ƙarƙashin ƙafar benci,
yana hana shi rawa.

"Ka riƙe," ya ce. "In ka biya,
me zai sake kawo ka?"

Gobe mu huɗu ne a hanyar Tibiri.
Makulli yana aljihu,
yana ta ƙara, duk taku ɗaya.