Kukan Birkin Gaba

A Valparaíso babu titin da ke kwance,
kowace hanya ko tana hawa ko tana gangara teku.
Nan mahaifina, Heriberto Maturana,
ya yi shekara arba'in yana saukowa bisa jan babur
wanda ya girme ni da shekara uku.

Duk sanda ya matse birkin gaba
sai ƙarfe ya tsala ihu, ƙiiii,
kamar ɗan akuyar da ya hango wuƙa.
Karnukan unguwa su amsa,
mai tallan kifi ya toshe kunne da kafaɗa,
Baba ya ce: gobe zan duba.
Goben nan ce ta raka shi kushewa.

Na gaji babur, na gaji kukansa.

Ran Asabar na tura shi bakin gareji,
na sa katako ƙarƙashin inji, taya ta bar ƙasa.
Noti biyu ke riƙe da muƙamuƙin birki.
Ɗaya ya zo da daɗin rai,
ɗayan sai da na jiƙa shi da kananzir,
na sha shayi, na dawo, na lallashe shi da sifana.

Iskar teku ta bar gishirinta ko'ina.
Tsatsa ta ci wuyan fistin,
takalman birki sun yi santsi kamar bayan cokali,
ɗaya ya cinye ta gefe guda
irin dugadugin mai ɗingishi.
Sandar da muƙamuƙin ke lilo a kanta
ta bushe ƙamas, rabonta da maiƙo tun ina rarrafe.

Na goga samfefa har ƙyallin ya mutu,
na ɗan rage kaifin gefensu da magagari.
Giris a bayansu, kaɗan, kamar kwalli a ido,
ban da fuskar da ke haɗuwa da faifai:
can maiƙo ajali ne.
Baltasar, yaron maƙwabta, yana matsa hannun birki,
ni ina fitar da iskar da ta ɓuya cikin mai,
kumfa na bin tiyo ɗai-ɗai
har ya ce hannunsa ya gaji, ƙarfen ya yi tauri.

Da yamma na hau ƙolin tudunmu na sako shi.
Jiragen ruwa a ƙasa kamar takalman da aka tuɓe.
A kwanar gidan burodi na matse.
Tsit.
Ya tsaya cak, ko tari bai yi ba.
Karnuka ma ba su ɗaga kai ba.

Na shiga gida ƙirjina a buɗe,
na tarar da Inna Eduvigis gefen taga,
idanunta da suka daɗe da yin hazo suna kallon bango,
murhu a kashe.

Wane ne?
Ni ce, Ximena.
Ban ji zuwanki ba, ta ce.
Shekara arba'in kukan nan ke ce mini ɗora ruwa,
ga shi ya dawo lafiya.

Na tsaya da baƙin mai a ƙarƙashin farce,
ban san inda zan ajiye hannuwana ba.

Yanzu in na kai kwanar gidan burodi
sai in danna oda sau biyu.
Ta ce ba muryar ba ce.
Amma ina tarar da ruwa yana tafasa.