Jajibirin Duba

Na yaye mata tamfol da sassafe,
Kumo ba ta gama hamma ba.
Ga ta nan, Shamuwa,
wadda na ƙera a bayan tsohon siton auduga,
shekara bakwai ina tara bututu da noti
kamar mai zubin adashi.

Gobe Laraba mai duba zai iso daga Zariya.

Hammayo, miƙo sifana mai lamba goma.
A'a, ba waccan ba, mai ɗaurin baƙin salatif.
Muka kwance murfin inji, muka zuba ƙusoshi
a kwanon shan Daso;
in ta gani, na shiga uku.
Ita ce fa ta ɗinka rigar fukafukan nan
da kekenta, dare goma sha ɗaya,
kuma har yau ta ƙi yarda ta hau.

Na tace baƙin mai a farin ƙyalle
ina neman garin ƙarfe. Babu.
Filogi huɗu, duk launin soyayyar gyaɗa, madalla.
Na bi farfela da tafin hannu,
maɗaci ne, ni na sassaƙe shi,
na san kowane tabon da tsakuwa ta bari.
Taya ta sha iska. Birki ya kama.
Na taɓa wayar jela, ta amsa da muryar gurmi.

Sai ga aikin zanzaro!
Ya yaɓa ɗakinsa a bakin siririn bututun
da ke gaya mini gudun iska.
Magini ne shi ma, bai nemi izinin kowa ba.
Na ba shi haƙuri, na rushe masa gida da tsinke.
Gobe wani zai zo da nasa zanzaron,
riga cikin wando, biro a aljihu,
ya yi wa nawa ginin irin wannan kallo.

Bayan la'asar na kwanta rigingine a ƙarƙashinta,
tocila a baki, guntun madubin babur a hannu.
A nan na gani.
Inda ƙafar hagu ta kama ƙirji,
a waldar da na yi ranar da masassara ke kaɗa ni,
tsaga,
siririya kamar gashin gira.

Na kashe tocila. Na kunna. Tana nan.

Hammayo ya leƙo, ya yi jim,
idonsa ya tafi kan gwangwanin fenti.
"Kawu, shafa ɗaya ce.
Ko da tabarau ba zai gani ba."
Ban tsawata masa ba,
don zuciyata ta riga bakinsa faɗa.
Kuɗin takarda tun watan jiya na biya,
kuma na yi wa Jauro alkawari
zan ƙirga masa shanu daga sama ran kasuwa.

Amma na hau can, yaro, kai ba ka hau ba.
Na ga Kumo ta koma faifai,
titin Yola ya zama zare.
A can babu gefen hanya,
babu mai faci, babu inuwar da za ka tura ta,
babu "direba tsaya in sauka".
Fenti mai duba kaɗai zai ruɗa.
Ƙasa ba ta karanta takarda.

Kawo jan alli.

Na zagaye tsagar, na ja mata kibiya babba
yadda ko daga ƙofa za a hango.
Na buɗe littafi na rubuta kwanan wata,
na rubuta: ƙafar hagu, waldata, laifina.
Biron ya ɗan yi gardama kafin ya zubo.

Wataƙila wata biyu ba za ta tashi ba.
Shanun Jauro sai ya ƙirga su da sanda.

Ana kiran magariba Daso ta aiko
a kawo mata kwanonta yanzu-yanzu.
Na juye ƙusoshin a hulata,
ashirin da uku.
Da safe ashirin da huɗu ne.
Hammayo, haska nan ƙasa.