Sauran Magada

Da aka raba gadon Baba, ɗakin kudu ya faɗo mini,
da rabin tsakar gida, nan Rijiyar Ɗorowa.
Alƙali ya ƙirga mu bakwai.
Ashe bai gama ƙirga ba.

Daren farko Luba ta tashe ni: haska tocila.
Ƙuraje uku a damtsen yaro, a jere kamar ɗinkin tela.
Na ce sauro ne.
Ta ce yaushe sauro ya koyi bin sahu?
Muka ɗaga katifa.
A bakin ɗinki, ɗigo-ɗigo kamar an yarfa tawada,
da wani ƙarni wanda ba na ruma ba.
Kuɗin cizo ya riga ni hawa gado,
ya riga ni cin gado.

Da safe na ƙwanƙwasa azara,
ta amsa mini da muryar ƙwarya.
Jar ƙasa ta yi jijiya a bango,
ta hau daga tushe har adakar littattafan tsoho.
Na buɗe.
Gara ta yi karatu, ta sauke,
ta bar mini gari da igiyar gafaka.
Na zauna a ƙasa, ban san na zauna ba.

Inna Ige ta leƙo ta katanga:
"Kuka ba shi korar baƙo, ɗan nan.
Wanga ɗaki damina huɗu shina rufe.
Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga.
Tashi, hidda komi waje."

Ranar Sakkwato, wadda kullum muke yi da ita,
ita ta zama bokanyarmu.
Katifa, tabarma, matashi, zanen goyo,
kwana uku suna gasuwa a kan dakali.
Na bi gaɓoɓin gado da tafasasshen ruwa,
bayan mako na sake bi,
don uwa na mutuwa, ƙwai na nan yana jiran lokacinsa.

Arzika kafinta ya cire azarar da ta mutu a tsaye,
ya shafe sabuwa da baƙin mai,
ya nuna gindin randa da haɓa:
"Nan take shan ruwa. Ka hana ta danshi, ka hana ta zama."
Adaka ta hau bulo, taƙi guda tsakaninta da bango.

Ɓera kuwa da kansa ya kai ƙarar kansa:
kashi kamar baƙar shinkafa bayan buhun gero,
da sabulu mai shaidar haƙori.
Wani ya zo da kwalba marar suna,
ya rantse ɗigo ɗaya ya isa unguwa.
Luba ta dubi Modi yana rarrafe,
yana kai duk abin da ya tsinta baki.
Ta ce Allah ya ba da kasuwa.
Muka ɗana tarko da ƙuli-ƙuli inda hannun yaro bai kai,
muka cika ramin da tsakuwa da siminti.

Sauran aikin ba shi da labari.
Kwano ba ya kwana da miya a baki.
Salga da murfinta,
kyankyaso ya zo sallama bai tarar da kowa ba.
Wake ya sha rana, ya shiga jarka, an toshe.
Shara na fita kafin magariba.

Jiya ruwan fari ya sauka,
shinge ya yi dafifi a ƙwan lantarki,
da asuba fukafukai zube a bakin ƙofa.
Na san wata sarauniya na neman fili.
Duk Juma'a ina ƙwanƙwasa azara, in kasa kunne,
kamar mai gaida mara lafiya.

A ƙasan adaka, ashe, takarda ɗaya ta tsira,
rabinta cinye, rabinta hannun Baba.
Na ɗauka addu'a ce.
Na kai ta haske, na haɗa baƙi:
"A toshe tsagar bangon kudu
kafin damina."