Gurabe Goma Sha Biyar

A Yelwa, bayan la'asar, da aka dawo da wuta,
na buɗe gwangwanin hotunan kakana Jatau.
Tsatsa ta ci murfin, gara ta ɗanɗani gefe.
Ɗari biyu da tara. Sau biyu na ƙirga.

An ce in ɗora su a yanar gizo,
ɗan Yawuri da ke Fatakwal ya ga ƙofar gidan ubansa.
Sai dai na'ura ba ta kallo, in ji Malam Ɗantani,
karatu kawai ta iya.
Kowane hoto sai an rataya masa shaida a wuya,
gurabe goma sha biyar, tsari guda ko'ina,
don injin wata ƙasa ya ji abin da namu ya faɗa
ba tare da an nemo tafinta ba.

Uku-uku take son magana, kamar duwatsun murhu:
ga abu, ga abin da ake tambaya, ga amsa.
Hoton nan, wa ya ɗauka, Jatau.
Tukunya ta zauna daram.
Hoton nan, wane iri, baƙi da fari.
Ta zauna.
Hoton nan, wane harshe.
Nan hannuna ya tsaya.
Matar da ke cikin jirgi bakinta a buɗe yake,
wani take kira a tsallake,
shekara hamsin da ɗoriya bai amsa ba.
Na sa Gunganci. Allah ya sa ban yi mata ƙarya ba.

Kwanan wata kuma lamba zalla ake so,
shekara a gaba, wata a tsakiya, rana a baya.
Na ɗauki hoton zuwa wurin Inno Tasalla,
na same ta tana gyaran albasa a zaure.
Ta kai shi kusa da hanci kamar za ta shinshina.
"Shekarar da dorina ta kife jirgin Kakale,
saura damina biyu ruwa ya tashe mu."
Na rubuta yadda ta faɗa.
Gurbin ya yi ja, ya ƙi karɓa.
Na yi lissafi da yatsu, na ba shi lamba huɗu,
ya haɗiye, bai tambayi dorina ba.

Da na zo kan wuri na sa Gungun Ɗorawa.
Taswira ta ce ba ta san shi ba.
Malam Ɗantani ya auno tsaye da kwance,
muka dasa ƙusa inda lissafi ya nuna,
ta faɗa tsakiyar shuɗi.
Ba kuskure ba ne.
Rumbu da makera da kushewar kakanni
duk suna nan, gaba bakwai ƙarƙashin ƙusar,
inda giwan ruwa ke kiwo yanzu.

Haƙƙin mallaka na bar shi fayau.
Mai kyamara ya rasu, masu fuskokin sun bi shi,
ban san yadda ake neman izinin kogi ba.

Gurbi ɗaya ne mai faɗin ciki, sunansa bayani.
Nan na juye dorina, da Kakale, da damina biyu,
da cewa tsamiyar hagu ta fi ta dama tsami.

A can gefen hoton akwai yarinya da tulu,
rabin fuskarta ya fita daga takarda.
Na riga na rubuta: ba a san ta ba.
Inno ta ɗora yatsa mai warin albasa a kanta,
ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Tulun nan na fasa shi a ranar, na sha duka."

Na goge. Na sa sunanta da na ubanta.
Da dare na buga Tasalla Manu a waya,
ta fito, tana da shekara tara,
tulun bai fashe ba tukuna.